Ba a fafe gora ranar tafiya: yadda nake kula da bayanan manhaja daga siga zuwa siga

Ranar wata Alhamis ta makon raba sakamako, bayan la'asar, shugaban ɗaya daga cikin makarantun da ke amfani da manhajarmu ta haɗa makin jarrabawa ya kira ni. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Injiniya, me kuka yi wa abin nan ne? A aji huɗu na ɗaya biyu ya fito mini, kuma babu na biyu. Jibi iyaye za su zo."

Kafin ya rufe baki na gane abin da ya faru. A tsohuwar siga, idan yara biyu suka yi kunnen doki a jimillar maki, manhajar takan jera su bisa harafin farkon suna, mai harafin A ya zama na ɗaya, mai harafin Z ya koma na biyu, ba tare da laifin komai ba. Muka ga wannan rashin adalci ne, muka gyara: su biyun su ɗauki na ɗaya, mai bi musu ya zama na uku. Gyaran yana kan daidai. Aibin kawai shi ne babu inda muka rubuta cewa mun yi shi, in ban da kalmomi biyu na Turanci da abokin aikina ya jefa cikin Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kod ɗin manhajar, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, da tsakar dare. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba lalacewa ta yi ba, mu muka canza." Ya ce, "To da kuka canza, wa kuka gaya wa?" Ban da amsa.

Mu uku ne a aikin. Manhajar tana zaune ne a kan kwamfutar ofishin makaranta, sau da yawa babu intanet, sai ƙaramar ta waya da malamai ke shigar da maki. Wasu makarantun da filasha muke kai musu sabuntawa, ta waya kuwa malamai kan tura wa juna ta Xender, ko wacce siga ce ta faɗo hannunsu. Saboda haka a kowane lokaci akwai siga uku ko huɗu da ke aiki a wurare daban-daban. Abin da zan faɗa a nan daga wannan halin na koye shi, amma zai yi wa mai shafin intanet ko mai manhajar kantin magani amfani.

Takardu uku ne, kada ka cakuɗa su

Ta farko ita ce kundin canje-canje, fayil guda mai suna CHANGELOG.md, inda ake jera duk canjin da mai amfani zai iya ji a jikinsa, siga bayan siga, sabuwa a sama. Ta biyu bayanin sabuwar siga, gajeren saƙon da ke gaya wa mutum me ya samu da abin da ya kamata ya yi kafin ya sabunta. Ta uku jagorar mai amfani, wadda ke koya aikin daga farko. Kundin tarihi ne, ba a share abin da ya shiga cikinsa. Jagora kuwa kullum gyara take sha, domin halin da manhajar ke ciki yanzu take faɗa.

Duka ukun ka ajiye su a rumbun Git ɗaya da kod ɗin, a rubutun Markdown, wato rubutu zalla mai 'yan alamomin tsari. Mun taɓa riƙe jagorarmu a fayil ɗin Word da ke yawo tsakanin wayoyinmu, har ta kai muna da uku masu suna "na ƙarshe". Idan takarda tana zaune kusa da kod, duk lokacin da ka buga wa siga alama ka buga wa takardarta, kuma bayan shekara biyu kana iya komawa ka ga abin da jagorar siga 2.1 ta ce, harafi da harafi.

A rubuta ranar da aka yi canjin

Wannan shi ne ƙashin bayan maganar, sauran duk rassa ne. A saman kundin akwai sashe mai taken "Ba a fitar ba tukuna". Duk wanda ya taɓa wani abu da mai amfani zai gani, a cikin aikin nan da zai miƙa dole a ga layinsa a wannan sashen, a kuma ga gyaran shafin jagorar da abin ya shafa. In babu, ba a haɗe aikin da babban reshe, wato ainihin kod ɗin da ake fitarwa, ko da ni ne na yi shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a ranar da ya yi gyaran ne ya fi sani. Bayan mako shida shi ma kallon kod ɗin zai yi kamar na wani.

Tsarin da muke bi na Keep a Changelog ne, wanda Olivier Lacan ya fara a 2014. Ya raba canje-canje gida shida, mu kuma muka ba su sunayen Hausa: An ƙara, An canza, Za a cire, An cire, An gyara, Tsaro. Ga yadda layin nan da ya jawo mini kiran waya ya kamata ya fito:

```
## Ba a fitar ba tukuna

### An canza
- Yaran da jimillar makinsu ta zo ɗaya yanzu matsayi ɗaya
  suke samu, mai bi musu ya tsallake lamba (1, 1, 3).
  A da bisa harafin suna ake jera su. Sakamakon zangon
  da aka riga aka rufe ba zai canza ba.
```

Dubi abin da ke cikinsa: yadda abin yake yanzu, yadda yake a da, da abin da bai taɓu ba. Jimlar ƙarshen nan ita ce ke sa shugaban makaranta ya yi barci. Dubi kuma gidan da na sa shi. A wurinmu masu kod gyara ne, amma wanda ya shekara uku yana ganin katin sakamako iri ɗaya canji ya gani. Idan ina shakka tsakanin "An gyara" da "An canza", nakan tambayi kaina ko akwai wanda ya riga ya saba da tsohon halin har ya gina aikinsa a kai. In akwai, canji ne.

Ba kowane abu ke shiga ba. In ka sake wa wani aiki suna a cikin kod, ko ka share layukan da ba a amfani da su, bar shi a tarihin Git. Akwai masu kwafe jerin saƙonnin Git gaba ɗaya su liƙa su ce ga bayanin siga. Wannan an yi ba a yi ba ke nan. Akwai kuma kayan aikin da ke haɗa kundin da kansu daga saƙonni masu tsarin Conventional Commits, waɗanda ke farawa da `feat:` ko `fix:`. Na gwada, kuma suna da amfani wajen tabbatar da ba a manta komai ba, sai dai abin da suke fitarwa magana ce ta mai kod ga mai kod. Ɗan adam sai ya sake zama ya rubuta.

Matsala ɗaya za ka ci karo da ita da wuri. Idan mutum uku suna ƙara layi a wuri ɗaya na fayil ɗaya, Git zai riƙa kukan karo kusan duk lokacin haɗewa. Manyan ayyuka sun warware wannan ta hanyar ba kowane canji ɗan fayil ɗinsa. Masu kula da Python suna tara su a foldar `Misc/NEWS.d` da wani kayan aiki mai suna blurb, pip kuma yana amfani da towncrier, wanda ya fito daga aikin Twisted. Ranar fitarwa sai a tattara 'yan fayilolin su zama sashe guda. Mu da muke mu uku ba mu kai ga buƙatar haka ba, karon namu minti biyu ne a warware. In kun haura biyar, ku koma can.

Lambar siga alkawari ce

Muna bin tsarin SemVer na Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, wanda sigarsa ta 2.0.0 ta fito a 2013. Lambobi uku ne, kamar 2.4.1. Ta ƙarshe tana ƙaruwa in an toshe wata ɓaraka kawai, ta tsakiya in an ƙara sabon abu ba tare da karya tsoho ba, ta farko in an yi canjin da zai tilasta wa mai amfani sauya nasa aikin. An tsara shi ne domin kod ɗin da wani kod ke dogara da shi, don haka mai manhajar ofis sai ya zauna ya fayyace mene ne "karyawa" a wurinsa. Mu mun rubuta namu a saman kundin: lissafin maki da matsayi, fasalin katin sakamako, tsarin fayil ɗin Excel da ake shigo da sunayen ɗalibai, da fahimtar juna tsakanin manhajar waya da ta ofis. Taɓa ɗaya daga cikin huɗun nan yana ɗaga lambar farko. Da wannan dokar na nan tun farko, da gyaran kunnen dokin bai fita a ɓoye cikin ƙaramar lamba ba.

Ba dole sai SemVer ba. Ubuntu shekara da wata yake amfani da su, 24.04 tana nufin Afrilun 2024. Abin da ake so dai ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Lambar kuma ta zauna a wuri ɗaya tak a cikin kod, allon "Game da manhaja" da ƙasan jagora su ɗauko daga can. A Android lambobi biyu ne, `versionCode` da na'ura ke dubawa da `versionName` da mutum ke gani, kuma ta biyun ce za ka riƙa ambata a takardu.

Kwanan wata ka rubuta shi shekara, wata, rana, bisa ƙa'idar ISO 8601, kamar 2024-04-25. In ka rubuta 03/04, mu nan uku ga Afrilu za mu karanta, mutumin Amurka ya karanta huɗu ga Maris.

Jagora tsakanin sigogi

Nan ne aikin ya fi cin rai, domin jagora ba ta ihu in ta tsufa. Kod in ya karye gwaji zai nuna, amma shafin da ke cewa "danna koren maɓalli a hagu" zai ci gaba da faɗar haka shekara guda bayan maɓallin ya koma dama.

Abu na farko, lambar siga a ƙasan kowane shafi, ba a bango kawai ba. Mutanenmu ba sa tura jagora sukutum, hoton shafi ɗaya suke ɗauka su jefa a zauren WhatsApp na malamai, wani ya bi umarnin siga 3 a kan siga 2 ya ce abin ba ya aiki. Tun da muka sa lambar a ƙasa, tambayata ta farko ga mai kira ita ce, "Malam, duba ƙasan takardar, wace lamba ka gani? Yanzu buɗe manhajar, wace lamba take nunawa?" Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa.

Na biyu, kowace babbar siga da jagorarta. Muna da reshe na 2.x da na 3.x, kowanne da foldar `docs` tasa. In a intanet kake wallafawa, Read the Docs da Docusaurus duk suna iya ajiye jagorar kowace siga daban, mai karatu ya zaɓa. Ka sa gargaɗi a saman tsofaffin cewa akwai sabuwa, domin injin bincike ya fi son kai mutane tsohon shafi.

Na uku, a cikin jagora ɗaya ka riƙa sa 'yar alama a gefen abin da ya sauya: "An ƙara a 3.2", "An canza a 3.3". Sphinx, wani kayan aikin haɗa jagora, yana da umarnin `versionadded` da `versionchanged` domin haka, su ne kake gani a takardun Python. Na koyi wani abu daga masu Django, kayan aikin gina shafukan intanet: ba sa barin waɗannan alamomin har abada, bayan siga biyu suke cire su. In ba haka ba shafi zai koma kamar rigar da faci ya fi yadi yawa.

Sai hotunan allo. Ina da ra'ayi mai tsauri a kansu: ka rage su iya iyawarka. Kowane hoto bashi ne da za ka biya duk ranar da aka motsa wani abu a allon. Waɗanda suka zama dole, ka ba su sunan allon da suke nunawa, yadda wanda ya taɓa allon shigar da maki zai nemo duk hotunansa da bincike ɗaya. Kuma ka tanadi makarantar bogi mai ɗaliban bogi domin ɗaukar hoto. Kada sunan ɗan wani da makinsa na gaskiya su taɓa shiga jagora.

Idan an gano ɓaraka a 3.x kuma tana nan a 2.x, muna gyarawa a babban reshe mu ɗauko gyaran da `git cherry-pick` zuwa tsohon. Inda ake tuntuɓe shi ne layin kundin: dole ya shiga ƙarƙashin 2.6.3 a tsohon reshe, sashen 2.6.3 ɗin kuma a kwafo shi zuwa kundin babban reshe, in ba haka ba tarihin zai rabu biyu. Ka kuma rubuta a fili sigogin da kake kula da su da ranar da za ka daina. Mu siga biyu kawai muke ɗauka, ta yanzu da wadda ta gabace ta.

Cire abu kuwa ba a yinsa kwatsam. Ya fara bayyana a "Za a cire", tare da sigar da zai tafi da abin da zai maye gurbinsa, manhajar kanta ta riƙa nuna gargaɗi. Python 3.0 ta fito a Disambar 2008, amma sai 1 ga Janairun 2020 aka daina kula da Python 2, bayan an ɗaga wa'adin daga 2015, kuma duk da haka ranar ta riski mutane ba shiri. Mu zangon karatu ɗaya cikakke muke bayarwa, mafi ƙaranci.

In kana da Hausa da Turanci

Jagorarmu harshe biyu ce, kuma a nan na fi shan kunya. Sai a gyara ta Turanci a manta da ta Hausa, alhali yawancin masu karantawar ta Hausa suke buɗewa. Yanzu dokar ita ce shafi ba ya canzawa shi kaɗai. In wanda ya yi gyaran ba zai iya rubuta ɗayan ba, ya sa alama a saman shafin cewa ya tsufa daga siga kaza. Masu amfani da gettext, kayan aikin fassara manhaja, sun san wannan, domin idan jimlar asali ta sauya, fayil ɗin `.po` yakan yi wa fassarar alamar `fuzzy` har sai an duba ta.

Ka riƙe ɗan jerin kalmomi. In maɓallin ya ce "Adana", kada jagora ta ce "Ajiye". Haruffa masu lanƙwasa kuma, ɓ da ɗ da ƙ, ka ajiye fayiloli a UTF-8, tsarin adana rubutu da ke ɗauke da su, sannan ka buɗe PDF ɗin da idonka bayan ka haɗa shi, domin ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba, sai ka ga 'yan akwatuna a madadinsu. In kana da masu amfani a Maraɗi ko Damagaram, ka tuna a Nijar ƴ ake rubutawa inda mu a Najeriya muke rubuta 'y, wanda ya nemi "ƴan aji" a akwatin bincike ba zai samu "'yan aji" ba sai ka tanadi hakan.

Ranar fitarwa

In an yi na sama, aikin ranar bai wuce awa ɗaya ba. Ina fara da wannan:

```
git log --oneline v3.2.0..HEAD
git diff --stat v3.2.0..HEAD -- docs/
```

Na farko yana nuna duk abin da aka yi tun siga ta baya, sai in bi shi ina gwadawa da sashen "Ba a fitar ba tukuna". Kusan kullum nakan tsinci ɗaya da ya zille. Na biyu yana nuna shafukan jagorar da aka taɓa. In kundin ya ce an canza allon biyan kuɗin makaranta amma shafinsa bai motsa ba, akwai magana. Daga nan in sauya taken sashen zuwa lamba da kwanan wata, in buɗe sabon fanko a samansa, in adana, sannan in buga alama da `git tag -a v3.3.0`. Alamar ce ƙarshe, don ta kama takardun a gyare.

Bayanin sabuwar siga daga kundin nake tsamo shi, amma da wani jerin daban. Abin da mutum zai yi kafin ya sabunta shi ke zuwa farko: ka ɗauki kwafin ajiya na rumbun bayanai, a sabunta ta ofis kafin ta waya, mai siga 2.x sai ya bi ta 3.0 tukuna. Bayansa abin da ya canza hali, sannan sababbin abubuwa, waɗanda mu muka fi ɗokinsu amma su suka fi iya jira. In akwai matsalar da muka sani ba mu gyara ba, mukan faɗe ta tare da hanyar kauce mata. Google Play haruffa 500 kawai yake bayarwa a kowane harshe, don haka babu wurin "mun inganta manhaja domin jin daɗinku".

Kafin ya fita, ina ba wani da ba ya rubuta kod ya karanta. Nawa mai karatun wata malamar lissafi ce, kuma tambayarta ba ta sauyawa: "To ni me zan yi?" In ba ta samu amsar a layi uku na farko ba, na koma na sake.

Idan siga ta fita da mummunar ɓaraka, kada ka goge ta daga kundin, kada kuma ka sake fitar da wani abu da lambar da ta riga ta fita. Ka rubuta "An janye" a gefenta da dalili, ka fitar da ta gaba. A Disambar 2021, lokacin ramin tsaron Log4j, wani kod da manhajoji da yawa ke dogara da shi, an fitar da 2.15.0, aka bi ta da 2.16.0, aka sake bi da 2.17.0 duk a cikin 'yan kwanaki, kuma masu kula da saba, wato kwamfutocin da ke ɗauke da ayyukan intanet, a duniya ta lambobin nan da bayanansu suke gane ko sun tsira ko da saura.

Abu biyu na ƙarshe namu ne na gida. Ba ma fitar da siga daga makon jarrabawa har a raba sakamako, sai in gobara ce. Sannan na lura shugabannin makarantu da yawa ba sa buɗe PDF, amma saƙon murya ba ya wuce su. Don haka kowace siga nakan yi saƙon murya na minti ɗaya da rabi, in fara da sallama, in faɗi lambar siga sau biyu, in karanta abin da za a yi kafin sabuntawa da abin da ya canza. Rubutun da na karanta yana nan a foldar `docs`, fayil ɗaya ga kowace siga, domin watanni bayan haka wani zai turo mini saƙon nan nawa ya ce ga abin da na faɗa, ni kuma in buɗe in ga a kan wace siga na faɗe shi.